Amosanin gaɓɓai a jikin doki: matakan da ake bi kafin allurar ƙwayoyin tushe da bayanta

Dokin da ke ɗingishi bayan sukuwa, ya warware idan ya huta kwana biyu, sannan ɗingishin ya dawo duk ranar da aka matsa masa, galibi gaɓarsa ce ta fara cinyewa. Wannan cuta ita ce amosanin gaɓɓai, kuma littattafan likitancin dawaki suna ɗora mata alhakin kusan kashi 60 cikin 100 na gurguntar da ake gani a dawaki. Daga cikin magungunan da aka fito da su dominta, wanda ya fi jan hankalin masu dawakin sukuwa shi ne allurar ƙwayoyin halitta na tushe, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama ƙashi, guringuntsi ko kitse, waɗanda ake ɗiba daga jikin doki, a raine su a ɗakin gwaji har su yawaita, sannan a zuba su cikin gaɓar da ta lalace. Maganin na gaskiya ne, kuma hukumomin Turai sun ba shi izini, sai dai ba kowane doki ne ya cancance shi ba, kuma mai doki a Yamai yana da ƙarin lissafin da takwaransa na Faransa ba ya yi, saboda zafin garinmu da nisan hanyar da maganin zai biyo.

Abin da ke lalacewa a cikin gaɓa

Kan kowane ƙashi da ke cikin gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, kuma tsakanin ƙasusuwan akwai wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gogar juna. Guringuntsin nan ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, kamar soso ne da ake matsewa a saki: idan doki ya taka sai ya fitar da ruwan da ya gama amfani, idan ya ɗaga ƙafa sai ya zuƙi sabo. Wannan ne ya sa guringuntsin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake, kuma shi ya sa dokin da ya wuni ɗaure a turke ba ya motsi gaɓoɓinsa suke daɗa ƙagewa. Idan cutar ta kama, fatar da ke cikin gaɓar takan kumbura, ruwan ya tsinke ya rasa yauƙinsa, guringuntsin ya riƙa ɓarewa, daga ƙarshe kuma ƙashi ya fara tsiro a gefen gaɓar har ta daina lanƙwasuwa yadda ya kamata.

A dawakinmu gaɓoɓi uku ne suka fi shan wahala. Akwai gaɓar wuyan ƙafa, wato wadda ke da tuntun gashi a bayanta, akwai gwiwar ƙafar gaba, sai kuma babbar gaɓar ƙafar baya wadda tsininta ke kallon baya. Ta ƙarshen nan ita ce ke ɗaukar nauyin doki da mahayinsa duk lokacin da aka zaburo shi da gudu sannan aka ja linzami ya tsaya cak, irin yadda ake yi a hawan salla da bukukuwa.

A fara da tabbatar da inda ciwon yake

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke sa a zuba kuɗi a gaɓar da lafiyarta lau. Da sassafe, kafin rana ta ɗaga, a fito da dokin wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, yaron barga ya riƙe ragama sako-sako ya gudu da shi da sassarfa, ya tafi ya dawo, kai kuma ka tsaya kana kallon kan dokin. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, kan yakan ɗaga sama lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauka lokacin da mai lafiyar ta taka. Idan a ƙafar baya yake, sai ka koma bayansa ka dubi ƙugunsa, domin ɓangaren da ke ciwo ya fi ɗan'uwansa hawa da sauka. Kada a ba dokin maganin kashe zafi a kwanakin da suka gabaci wannan dubawa, domin zai ɓoye abin da ake nema. Kuma ka saurari yaron da ke kwana da tashi da shi, domin idan ya ce maka, “Alhaji, da safe yakan fito a sandare, sai ya ɗan yi tafiya yake sakewa,” to ya ba ka alamar da ta fi kowace nuna amosanin gaɓɓai.

Sauran aikin na likitan dabbobi ne. Zai lanƙwasa gaɓar da ake zargi ya riƙe ta daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan a sake korar dokin nan take a ga ko ɗingishin ya ƙaru, kuma zai auna tsananin ɗingishin a kan ma'aunin da likitocin dawaki ke amfani da shi, daga 0 zuwa 5. Bayan haka zai iya sa allurar kashe zafi a jijiya ko a cikin gaɓar kanta, yana farawa daga ƙasa yana hawa sama, har ya kai wurin da idan ya kashe zafinsa dokin ya miƙe. Hoton ƙashi shi ne ke nuna ko ratar da ke tsakanin ƙasusuwa ta matse, ko ƙashi ya tsiro, ko kuma wani guntu ya ɓalle yana yawo a ciki. Guntun da ya ɓalle sai fiɗa, babu allurar da za ta narkar da shi.

Dole kuma a kawar da zaton wasu cututtuka da kan yi kama da wannan. Ƙusa ko ƙaya a tafin kofato, da mugunyar da ta taru a ƙarƙashinsa, su ne suka fi yawan gurgunta doki dare ɗaya. Akwai ciwon jijiyar bayan ƙafa, akwai kumburin cikin kofato da ke biyo bayan cin hatsi fiye da kima, akwai kuma cutar nan mai fito da marurai a jere a kan ƙafa, wadda ta zama ruwan dare a dawakin yankin Sahel. Gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga, wadda ta yi zafi ta kumbura har dokin ya ƙi taka ƙafar, ba ta jiran gobe, kuma haramun ne a zuba mata ƙwayoyin tushe.

Irin ƙwayoyin da ake amfani da su, da iyakar abin da suke yi

An fara gwada wannan hanya a dawaki ne a kan jijiyar bayan ƙafa, lokacin da Farfesa Roger Smith na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 2003 cewa sun ɗebi ƙwayoyin daga ɓargon doki sun dasa su cikin jijiyarsa da ta yage. Daga baya aka koma kan gaɓɓai. Hanyoyi biyu ake bi a yau. Ta farko ita ce a ɗebi ƙwayoyin daga dokin da kansa, ko dai ɓargo daga ƙashin ƙirji ko na ƙugu, ko kuma kitse daga gefen gindin wutsiya, a aika ɗakin gwaji a raine su mako biyu zuwa huɗu har su kai miliyan 10 zuwa 20, sannan a dawo da su. Wannan hanya tana buƙatar tafiya biyu cikin sanyi da gaggawa, kuma ɗibar ɓargo daga ƙirji aiki ne na ƙwararre, domin zuciya tana nan daf da bayan ƙashin.

Hanya ta biyu ita ce a sayi ƙwayoyin da aka riga aka raina daga wasu dawaki masu lafiya waɗanda aka tantance. A 2019 Tarayyar Turai ta ba da izini ga irin waɗannan magunguna guda biyu. Na farko shi ne Arti-Cell Forte, wanda wani kamfani na Beljiyam ya haɗa daga jinin dawaki, kamfanin Boehringer Ingelheim kuma yake sayar da shi, kuma shi ne maganin ƙwayoyin tushe na farko da aka yarda a yi wa dabbobi a Turai. Na biyu shi ne HorStem na kamfanin EquiCord da ke Sifen, wanda ake samu daga igiyar cibiyar dukushi, kowace kwalba tana ɗauke da ƙwayoyi miliyan 15. Dukansu an ba su izini ne domin ɗingishi mai sauƙi zuwa matsakaici.

Abin da mai doki ya kamata ya fahimta tun kafin ya ciro kuɗinsa shi ne cewa ƙwayoyin ba sa gina sabon guringuntsi a madadin wanda ya ƙare, ko da yake haka aka yi fata da farko. Ba sa ma daɗewa a cikin gaɓar. Babban aikinsu shi ne fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, su rage saurin lalacewar abin da ya saura, su ba gaɓar sararin gyara kanta gwargwadon iyawarta. A gwajin da aka wallafa a 2019 kan Arti-Cell Forte an yi amfani da dawaki 75 masu farkon ciwon a gaɓar wuyan ƙafa, aka yi wa 50 maganin, 25 kuma aka sa musu ruwan gishiri, kuma waɗanda suka sami maganin sun fi samun sauƙi a fili. Sai dai a lura da abu biyu: dawakin duk masu farkon cuta ne, kuma masu maganin ne suka shirya gwajin. A ganina wannan bai rushe sakamakon ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da duk wanda ya yi masa alkawarin cewa tsohon ingarma zai dawo ɗan shekara huɗu.

Saboda haka dokin da ya cancanta shi ne wanda ciwon ke gaɓa ɗaya ko biyu, hoton ƙashinsa bai nuna ƙashi yana gogar ƙashi ba, an riga an gyara kofatonsa an hutar da shi amma ɗingishin ya ƙi tafiya, kuma darajarsa ta kai a kashe masa irin wannan kuɗi. Game da kuɗin, duk farashin da aka faɗa maka da yuro ka ninka shi da 655.957, wato yuro 1,000 sefa 655,957 ke nan, kafin a zo ga kuɗin jirgi, na kwastan da na likita.

Yadda maganin zai iso Yamai da rai

Ƙwayoyin nan rayayyu ne, kuma idan suka mutu a hanya kwalbar ba za ta canza kama ba, sai a yi allurar ana murna alhali babu komai a ciki. Arti-Cell Forte ana ajiye shi ana kuma safararsa a daskare, tsakanin digiri 70 da 90 ƙasa da sifiri, alhali firizar gida ba ta wuce wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, don haka a cikin busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, yake tafiya, ita kuwa kullum raguwa take yi. HorStem ba a daskarar da shi, ana riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8, amma wa'adinsa gajere ne ƙwarai, ana ƙirga shi da kwanaki. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ta fi ɗaukewa a daidai wannan lokaci, kwali ɗaya da ya kwana a ma'ajiyar filin jirgin Diori Hamani yana jiran sa hannu ya isa ya zama asara. Idan da hali a shirya aikin a lokacin ɗari, tsakanin Disamba da Janairu.

Ka bar odar a hannun likitan dabbobi mai rajista, wanda zai nemi izinin shigo da magani daga ma'aikatar kiwo tun kafin kwalin ya taso, domin magungunan dabbobi a ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, suna ƙarƙashin tsarin izini na bai ɗaya tun 2006. Ka nemi a sa na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a cikin kwalin, a duba ta a gabanka ranar da aka buɗe, ka kuma karanta lambar rukunin maganin da ranar ƙarewarsa da idonka. Ranar allura a tsayar da ita daidai da ranar saukar jirgi, dokin na barga a shirye, likitan na gari. Duk kwalbar da aka ciro daga jaka a kasuwar Turaku ko wata kasuwar dabbobi aka ce maka ƙwayoyin tushe ne, ka bar ta inda ka gan ta.

Ranar allura

Hatsarin da ya fi kowanne girma a wannan aiki shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin gaɓa, wanda kan iya kashe doki ko ya gurgunta shi har abada. A zaɓi ɗaki ko rumfa mai daɓen siminti, a share a yayyafa ruwa tun da wuri domin ƙura ta kwanta, kada a yi aikin a tsakar barga inda iska ke ɗaga taki da harawa. Likita zai ba dokin allurar kwantar da hankali, ya wanke fatar gaɓar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mintuna da dama, ya goge da barasar asibiti, ya sa safar hannu sabuwa fil, kuma daga wannan lokaci babu wanda zai sake taɓa wurin. Idan allurar ta shiga daidai, sau da yawa za ka ga ɗigon ruwa mai launin rawaya-rawaya da yauƙi ya fito a gindinta, alamar cewa tana cikin gaɓar, sannan a tura maganin a hankali. Maganin da aka narkar daga daskarewa nan take ake amfani da shi, ba a mayar da shi cikin sanyi. Fatar da ke da gyambo, ƙuraje ko sabon tabon lalas ba a huda ta, sai ta warke sarai.

Kada a gauraya ƙwayoyin da wani magani a sirinji ɗaya. Gwaje-gwaje sun nuna cewa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamisin da amikasin suna kashe su, haka ma allurar kashe zafi da kotizon, maganin kwantar da kumburi, suna cutar da su, saboda haka idan an yi wa gaɓar allurar kotizon a kwanan baya a gaya wa likita domin ya ba da tazara. A kuma tabbatar dokin yana da rigakafin tetanos, domin doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi yi wa illa.

Makonnin da ke biye

A kwana uku na farko dokin ya zauna a barga mai tsabta da bandeji a ƙafar. Ba abin mamaki ba ne gaɓar ta ɗan kumbura ta yi ɗumi a kwana ɗaya ko biyu na farko, kuma wannan yakan lafa da kansa ko da maganin da likita ya bari. A riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma ta dubura. Na doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, kuma idan ya haura haka, ko kumburin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko dokin ya rataye ƙafar ya ƙi cin abinci, a kira likita a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Daga nan sai a fara jan sa da hannu, minti 10 safe da yamma a kan ƙasa mai laushi wadda ba ta da zurfin yashi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, sannan a shiga sassarfa, sannan kilisa da mahayi marar nauyi. Sukuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ba a komawa gare ta sai likita ya sake duba dokin bayan kamar mako shida, a wuri ɗaya da irin gwajin da aka yi da farko, domin a kwatanta. Yana da kyau a ɗauki bidiyon sassarfar dokin da salula kafin allura da bayanta, saboda idon mai doki yakan ga sauƙin da zuciyarsa ke so. Wanda ke da niyyar shiga gasa a filin sukuwa na Yamai ya tambayi hukumar wasannin dawaki ta ƙasa, FENISEQ, game da ƙa'idar magunguna kafin ya rubuta sunan dokinsa.

Abin da allurar ba za ta ɗauke maka ba

Ko an yi allurar ko ba a yi ba, kofaton da ya yi tsawo a gaba ya kwanta a baya yana murɗa gaɓar wuyan ƙafa a kowane taku, don haka a riƙa gyara shi kowane mako shida zuwa takwas. A kwance dokin daga turke ya yi tafiya kullum, domin zaman wata guda a ɗaure sannan a zabure shi ranar salla ya fi aikin yau da kullum lahani. A rage masa gero da dusa idan ya yi teɓa har ba a jin haƙarƙarinsa da hannu. Lalas da ake yi wa gaɓa da ƙarfe mai zafi ba ya kaiwa ga guringuntsi, kuma sauƙin da akan gani bayansa daga hutun dole da gyambon ya jawo yake fitowa.

Maganin kashe zafi na fenilbutazon yana da araha kuma yana aiki, amma yana ɓarke ciki da gyambo yana kuma taɓa ƙoda, musamman a dokin da bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Doki yana buƙatar kimanin lita 5 ga kowane kilo 100 na jikinsa a yini idan yana hutawa a yanayi mai sanyi, a bazarar Yamai kuwa yakan ninka haka ko fiye. Tun da da nauyi ake auna maganin, a zagaya ƙirjin dokin da awon tela, a auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya kai santimita 160, tsawonsa 150, nauyinsa wajen kilo 323 ne, kuma wannan adadi za a ba likita ya yanke yawan maganin da tsawon kwanakinsa.

Tsakanin ƙwayar kashe zafi da ƙwayoyin tushe akwai alluran gaɓa da ba sa buƙatar busasshiyar ƙanƙara. Kotizon irin tirayamsinolon yana kwantar da kumburi da sauri, sai dai idan ya yi yawa yana iya jawo kumburin cikin kofato, musamman a doki mai ƙiba. Akwai hayaluronik, wanda ke maido wa ruwan gaɓa yauƙinsa, akwai kuma ruwan jinin dokin kansa wanda ake juyawa a na'ura a ware sashen da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru a mayar cikin gaɓa, aikin da ake gamawa a yini ɗaya ba tare da an jira jirgi ba. Likitan da ya san aikinsa zai fara da waɗannan, ya ga yadda gaɓar ta amsa cikin wata biyu ko uku, kafin ya ba da shawarar a yi odar ƙwayoyin tushe. Idan kuwa hoto ya nuna guringuntsin ya ƙare, a sauke dokin daga sukuwa a mayar da shi kilisar safe a kan ƙasa mai laushi, goɗiya ko ingarma mai kyakkyawan jini kuma a ajiye su domin barbara.